Chindo Mai Gurmi da Waƙar Buhun Wake

Shekara ashirin da shida na yi a bayan Chindo mai gurmi, ina buga ƙwarya ina yi masa amshi. Sunana Hayatu, amma daga Agiye har Gazawa "na Chindo" ake kirana, kuma ban taɓa jin zafin haka ba. Abin da ke ba ni zafi shi ne, duk wanda ya ji sunansa yau waƙa guda yake tunawa, waƙar buhun wake. Ita ce kuwa waƙar da Chindo ya ƙarar da muryarsa yana neman ya janye ta daga bakin mutane, domin rabinta kawai suka ɗauka, kuma rashin ɗaya rabin kisa yake yi.

An haife shi a Tsamiyar Bawa, wani ɗan ƙauye a ƙasar Gangara, da yatsa shida a hannun hagu, abin da ya ja masa sunan ke nan. Tsofaffin garin sukan ce da yatsan nan na shida yake kamo sautin da sauran makaɗa ba sa kai wa. Ƙarya suke yi, yatsan ko motsi ba ya yi, yana nan a maƙale kamar ƙwayar gyaɗa. Ubansa makaɗin noma ne, mai gangar gayya. Tun yana ƙarami ya ga yadda manomin da bayansa ya riƙe yake jin takensa ya miƙe, ya kama kunya ya kai ta ƙarshe yana ihu. Uban ya so ya gaji gangar, shi kuwa ya ce ganga tana tayar da mutum amma ba ta gaya masa komai sai sunansa. Ya nemi ƙoƙo da fatar damo ya haɗa gurmi, suka yi shekara guda ba sa ga maciji da tsohon.

Kada wani ya ɗauka mutumin kirki nake shirin zanawa. Chindo gajere ne, mai saurin fushi, mai rowar goro. Idan na yi kuskure a amshi, a gaban jama'a yake juyowa ya harare ni, wani lokaci har ya saka ni cikin waƙar a yi mini dariya. Amma in ya rungumi gurmin nan sai ya zama wani mutum. Ba ya fara wasa da ƙarfi. Yakan sunkuyar da kai ya yi ta taɓa tsirkiya a hankali, yana leƙen taron ta ƙasan ido har ya sami fuska guda, sai ya yi wa fuskar nan waƙa kamar su biyu ne a filin. Na ga ranar da ya yi waƙar 'yan cin rani a wani suna a Gazawa, waɗanda suka tafi arewa suka yi shiru. Wata tsohuwa ya kama da ido. Kafin ya kai baiti na uku ta ja gyale ta rufe fuska, kukan ya bi ta cikin mata kamar wuta a karmami, maza kuwa kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Ba sa kuka kaɗai ya iya ba. Lokacin da malaman gona ke ta fama da mutane kan sassaben zamani, wato a bar 'yan itatuwa su tashi a gona maimakon a share su ƙaf, Chindo ya jera gawo da kalgo da sabara da aduwa cikin amshi guda. Abin da aka yi shekaru ana faɗa a taro mutane na gyangyaɗi, sai ga shi ana rera shi a bakin rijiya. Yana da ƙa'idarsa ta aiki, ranar da na fara binsa ya gaya mini ita.

"Hayatu, baiti nawa ne, amshi nasu ne. Baiti ana jin daɗinshi a bar shi nan cikin hili. Abin da kaka so shi bi mutum har gida, cikin amshi aka sa shi."

Ya san wannan fiye da kowa, ni ma na sani, shi ya sa ba ni da inda zan ɓoye fuskata a abin da ya biyo baya.

A shekarar 2009 ƙwari suka yi wa wake ɓarna a ƙasarmu, mutum ya buɗe buhu ya tarar da gari da huji. Alhaji Sanda, wani mai sayar da maganin ƙwari a kasuwar Agiye, ya aiko aka kira mu rumfarsa. Ya nuna mana wasu ƙwayoyi masu launin toka a cikin gwangwani, waɗanda mutane ke kira bom. Ana ƙulle ɗaya a tsumma a cusa cikin buhu, iskar da take fitarwa ta kashe ƙwarin. Yana son waƙar da za ta koya wa mutane yadda ake yi. Zan faɗi gaskiya a kan Alhajin nan, bai ɓoye mana komai ba. Har sau biyu ya ɗaga yatsa.

"Chindo, ka hwaɗa masu kada a kwana ɗaki guda da buhun. Iskar ga ba ta san ƙwaro ba, ba ta san mutum ba."

Da hantsi muka zauna gindin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, a bayan tasha muka ɗinka waƙar. Amshin ya zo da sauƙi, kamar dama yana jiranmu:

Ƙwaya guda cikin buhu,
ɗaure baki tamau,
wake sai bazara!

Chindo ya so ya ƙara gargaɗin Alhaji a ƙarshen amshin. Muka gwada, layin ya yi tsawo, ƙwaryata na tuntuɓe a kansa. Ni ne na buɗe baki na ce, "Maigida, wannan ya yi nauyi. Wa ka rawa ana ce mashi kada? Ka sa shi cikin baiti, kai ka hwaɗe shi da kanka." Ya murza gemu. Sannan ya ce ai kuwa kowa na da rumbunsa a bayan gida, wane mahaukaci ne zai kwana da wake. Haka gargaɗin ya koma baiti na huɗu, muka tashi muka je muka ci tuwo hankalinmu kwance.

Waƙar ta kama fiye da duk abin da muka taɓa yi. Kiɗan nata mai tsalle ne, yana shiga ƙafa kafin ya shiga kunne. A "tamau" ɗin nan mata sukan doka ƙafa su tafa lokaci guda, ƙasa ta amsa. Muka yi ta a Agiye, muka yi ta a Gangara, muka ƙetare Maradi muka yi ta a biki da suna har ƙauyukan Gidan Rumji. Baiti na huɗu kuwa yana zuwa ne daidai lokacin da fili ya yi zafi, 'yan mata sun shigo tsakiya, guɗa ta rufe ko'ina. Chindo yana faɗinsa, ni da ke bayansa ina ji, ban da ni ban san wanda ya taɓa ji ba. Daga baya ma, in masu biki suka matsa a yabi dangin ango, sai ya tsallake shi ya shiga yabo. Ban taɓa tuna masa ba.

Shekaru suka wuce. Alhaji Sanda ya rasu, aka zo da buhu mai ninki uku wanda ba ya buƙatar magani, amma masu sayen bom ba su daina ba, waƙar kuma ta zama ta kowa. Sai duniya ta canza a yamma, wajen bakin iyaka. 'Yan bindiga suka fara shigowa ƙauyuka suna kora shanu suna fasa rumbuna. Mutumin da ya noma buhu uku na wake ba zai bar shi a bayan gida ba, sai ya jawo shi cikin ɗaki, ya tura ƙarƙashin gado. Mun ji labarin 'yan bindigar kamar kowa, muna ta Allah ya kiyaye. Ko sau ɗaya ba mu haɗa shi da waƙarmu ba.

A lokacin sanyin ɗari na shekarar 2021 aka gayyace mu wani biki a Gidan Rumji. Da la'asar fili ya cika, aka fara kiran "buhun wake, buhun wake". Chindo ya taɓa tsirkiya ke nan sai wani dattijo ya ratso taro ya kama wuyan gurmin da hannu. Ba a yi wa makaɗi haka, na yunƙura zan yi masa rashin kunya. Dattijon bai ko dube ni ba.

"Kada ka yi wagga nan yau," in ji shi. "Akwai mutanen garinmu cikin taron ga. Kwana tara ke nan da munka rufe yara biyu."

Washegari da safe na goya Chindo a bayan motona, wato babur, muka tafi ƙauyen dattijon. Uwar yaran sunanta Mariyama, ba ta kai shekara talatin ba, mijinta yana cin rani bai ma iso ba. Ita kanta kwana huɗu ta yi a gadon likita. Muka same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, mata kewaye da ita. Muka yi gaisuwa, muka ce Allah ya sa masu ceto ne. Da aka gaya mata ko wane ne baƙon, sai fuskarta ta ɗan saki, ta gyara zama, ta sa a kawo mana ruwa. Na so a ce zagi ta yi.

"Baba, kai ne Chindo? Ina 'yar shekara sha biyar kay yi wasa garinmu, bikin yayata. Ranar nan har zanena ya kwance wurin rawa."

Chindo ya ce, "Allah Sarki, ɗiyata."

"Likita ya ce bom ce tak kashe su. Nic ce mashi ba ta yiwuwa. Wallahi Baba ban saɓa ma waƙarka ba ko kalma guda. Ƙwaya guda nis sa, ban ƙara ba. Niɗ ɗaure baki tamau. Ɗari na, shi as sa munka rufe ƙohwa da taga."

Sai ta rera amshin a hankali, da muryar da ta dushe, don ta nuna masa ba ta yi kuskure ba. Ba ta yi ba kuwa, ko ni ba zan rera shi daidai haka ba. Chindo ya tambaye ta, yana kallon tabarma, ko ta tuna wurin da waƙar ta ce kada a kwana ɗaki guda da buhun. Ta dube shi, ta dubi matan da ke gefenta. Babu wadda ta san da shi.

"Akwai wani wuri, Baba?" in ji ta.

Ban san yadda na tuƙo moton nan muka dawo ba. Kwana goma Chindo bai taɓa gurmi ba, bai kuma ce mini ni na ba da shawarar cire gargaɗin daga amshi ba, har yau bai faɗa ba. Da ya faɗa da na sami sauƙi. Rana ta goma sha ɗaya ya aiko kirana, na tarar ya ɗinka sabon amshi a kan tsohon kiɗan:

Ɗakin da yara ka kwana,
kar bom ta shiga,
ko da wake ya ɓaci!

Na buga ƙwarya a kansa, ya zauna daram, ko tuntuɓe babu. Abin da muka ce ba zai shiga ba shekara goma sha biyu da suka wuce, ga shi ya shiga cikin zama guda.

Ranar kasuwar Gangara muka fara gwada shi. Chindo ya tsaya ya yi bayani da baki tukuna, mutane na cewa to, to, suna jiran kiɗa. Yana sakin tsirkiya kuwa, kafin in buɗe baki, kasuwa gaba ɗaya ta ɗauka: ƙwaya guda cikin buhu! Na ɗaga murya iya ƙarfina, muryar mutum ɗaya ce a cikin ɗari uku. Chindo ya tsayar da kiɗan, suka ci gaba da tafi ba shi. Ya daka musu tsawa, suka yi dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Haka aka yi a Agiye, haka aka yi a Gazawa. Ranar nan na ji haushin jama'a kamar in jefe su da ƙwaryar, alhali mu muka koya musu.

Sai ya sake dabara. Ya bar tsohon kiɗan, ya yi sabuwar waƙa mai sanyi a kan yara biyu da ɗaki a rufe, bai ambaci sunan kowa ba. Ban taɓa jin ya yi abin da ya kai ta ba. Duk inda ya yi ta sai an yi kuka, har da mahauta. Amma bayan mako guda in ka tambayi wanda ya yi kukan me waƙar ta ce, sai ya ce maka wallahi mai ban tausayi ce, shi ke nan. Ba mai daka da ita, ba mai ɗibar ruwa da ita, masu biki kuma suka fara roƙonsa kada ya ɓata musu taro. Gayyata ta ragu. Bai damu ba, ya koma bin kasuwanni ba wanda ya kira shi, yana waƙa cikin rana da hayaniya har muryarsa ta fara tsagewa. Na ce ya huta, ya ce mini kakar wake ba ta hutawa.

Mariyama ce ta aiko mana da saƙo a farkon kakar 2023, ta ce mu zo garinsu mu yi tsohon kiɗan, ita ta san abin da za ta yi. Muka je. Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar mai gari bayan azahar. Chindo ya saki kiɗan, bakuna suka buɗe za su ɗauki tsohon amshi, sai Mariyama ta tako tsakiyar fili da goyon jaririn da ta haifa bayan rasuwar. Ba ta yi rawa ba, tsayawa kawai ta yi. Amshin ya mutu a bakin mutane. Ita kaɗai ta amsa wa Chindo da sabon, sau ɗaya, sau biyu. A na uku wata tsohuwa ta kama mata, sannan sauran mata, sannan maza. Suka yi ta maimaitawa suna hawaye suna tafi, Chindo ya ƙi tsayawa, ya yi ta juya su a kai har inuwa ta miƙe, don ya tabbata ya zauna musu a baki. A garin nan dai na san ya zauna.

Da aka watse ya ce mata ko za ta bi mu ƙauyen gaba. Ta girgiza kai.

"Baba, sau guda nika iyawa. Kar ka sake roƙona."

Bai sake ba. Wannan ne wasansa na ƙarshe, ko da yake ba mu sani ba a lokacin. Daga baya likita a Maradi ya duba maƙogwaronsa ya ce abin da ya fito a ciki ba na warkewa ba ne da shan magani. Yana nan da rai a Tsamiyar Bawa, magana sai da raɗa, 'yarsa Zaituna ke kula da shi. Na taɓa zama na lissafa garuruwan da muka kai waƙar buhun wake, na wuce ɗari biyu na daina. Wanda muka gyara ɗaya ne.

Washegarin wasan nan da safe muka kamo hanyar gida daga garin su Mariyama. Ba mu yi tafiyar kilomita bakwai ba muka iso wani fage a bakin hanya, mata kusan ashirin suna bugun wake da sanduna, ga buhuna a jere, ga yara na wasa cikin ƙaiƙayi. Tun daga nesa na ji abin da suke bugun da shi. Chindo ya ce in tsaya. Wata ta gane shi, ta rangaɗa guɗa, sauran suka ƙara murya don su girmama shi. Ya sauka ya zare gurmin daga jaka, ya taka har gabansu, ya kama kiɗan daidai da sandunansu. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, shiru. Matan suka ɗauka daɗi ne ya hana shi magana, suka ƙara ƙaimi.

Sai ya juyo ya dube ni, ya ɗaga mini haɓa, alamar in ja waƙar. Na san sabon amshin, jiya-jiya na rera shi ya fi sau hamsin. Na matso, na cika ƙirji. Sandunan na sauka, gurmin na tafiya, ƙafata ta riga ta kama. Na ji bakina yana cewa ɗaure baki tamau, wake sai bazara, da ƙarfi, tare da su, har na kai ƙarshen layin kafin in san me na yi. Matan suka yi mini guɗa.

Chindo ya ɗauke hannu daga tsirkiya. Bai harare ni ba. Ya mayar da gurmin cikin jaka a hankali, ya ɗaure bakinta, ya je ya hau bayan moto ya zauna yana jirana. Na tsaya na gaya wa matan da baki cewa kada su kai buhunan nan ɗakin kwana, suka ce to Malam, sun ji, sanduna na ci gaba da sauka. Duk tafiyar da muka taɓa yi, a kafaɗata yake dafa hannu. Ranar nan har muka shiga Maradi ƙarfen bayan moto ya riƙe.